Manhajar ripot kad da aka rubuta da Python, da yadda ta koma exe a wata makaranta a Zariya

Makarantar kuɗi ce, firamare da ƙaramar sakandare, irin waɗanda ake boko da safe islamiyya da yamma. Duk ƙarshen zangon karatu malamai kwana suke suna tara maki da kalkuleta, su fitar da na ɗaya da na biyu, su cike ripot kad da biro, kuma da wuya a rabu ba a samu uban da ya dawo da takarda yana cewa lissafin ɗansa bai yi daidai ba. Sai aka turo musu ɗan bautar ƙasa wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta, yaro mai himma gaskiya, ya ga wannan wahala ya zauna ya rubuta musu 'yar manhaja da Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka shigar da sunan yaro da makin gwaji da na jarrabawa, ita ta tara ta fitar da matsayi ta buga ripot kad a PDF da tambarin makaranta a sama. Fuskar manhajar da Tkinter ya yi ta, wato kayan zana taga da maɓallai na Python, bayanan kuma a SQLite suke zama, wani ƙaramin rumbun bayanai da ke cikin fayil ɗaya. A laftof ɗinsa komai lafiya lau, Hajiya mai makarantar har addu'a ta yi masa a gaban malamai.

To amma bautar ƙasa shekara ɗaya ce, kuma in ya tashi tafiya da laftof ɗinsa zai tafi. Nan ne maganar ta taso, yaya za a yi manhajar ta zauna a kwamfutar ofis, ta yadda malamar da ke kula da jarrabawa za ta danna sau biyu kawai ta buɗe ba sai ta rubuta komai a baƙin allon nan da ake buga wa kwamfuta umarni ba.

Ga wanda bai saba ba, fayil ɗin Python rubutu ne kawai, shi kaɗai ba ya tashi, sai akwai Python ɗin kansa a kan kwamfutar yana karanta shi layi layi yana aiwatarwa, sannan duk wani laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, da ka jingina da shi dole shi ma yana nan. Ba wa mutum fayil ɗin .py kamar ka miƙa masa garin tuwo ne ba tukunya ba murhu. Akwai wani kayan aiki mai suna PyInstaller, abin da yake yi shi ne ya bi kod ɗinka ya ga me da me ka kira, ya kwaso Python ɗin da ke kwamfutarka da laburaren da fayilolin DLL, wato guntayen kod da manhaja ke kira a Windows, ya haɗa su da wani ɗan ƙaramin shiri da ke tayar da su, ya ba ka exe, wato fayil ɗin da ake dannawa ya buɗe a Windows. Ba ya mayar da kod ɗin zuwa yaren inji, ɗaurin kaya kawai yake yi, kuma duk abin da ya biyo baya a labarin nan daga wannan gaskiyar ya fito.

Yaron ya bi abin da kowa ke bi, ya buga pyinstaller da --onefile, wato a haɗa komai a fayil ɗaya, da --windowed, wato kar baƙin allon ya fito, exe ya fito guda ɗaya da hoton tambari a jikinsa. Nauyinsa ya haura megabait 200. Ya so turawa ta Gmail aka ƙi karɓa, don Gmail ba ya ɗaukar exe ko da ka cusa shi a zip, sai ya kai a filashi. Lokacin da wani abokina da 'ya'yansa ke makarantar ya haɗa ni da Hajiya ƙorafi biyu ne a ƙasa: kwamfutar ofis ta ƙi buɗe shi sam, laftof ɗin malamar jarrabawa kuma yana buɗewa amma "yana mantuwa", haka ta faɗa.

Na ofis ɗin ba wuya. Tsohuwar kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo mai Windows 7, ram ɗinta giga 2, kana danna exe ɗin sai akwati ya fito yana cewa ba a samu api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ba. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san saƙon nan. Tun daga Python 3.9 da ya fito a Oktoban 2020 aka daina tallafa wa Windows 7, 3.8 shi ne na ƙarshe da ke tashi a kanta, shi kuma yaron sabon Python ne a laftof ɗinsa, kuma PyInstaller wanda ya tarar shi yake ɗaurewa. Wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa har ya ba su shawara su sauko da DLL ɗin daga intanet su jefa a System32, na ce don Allah kar a yi, shafukan da ke raba DLL ɗai ɗai ba ka san me suka cusa a ciki ba, kuma kwamfuta ce mai ɗauke da sunayen yara da lambobin iyayensu. Muka sauko da Python 3.8.10, wanda shi ne na ƙarshe a jerin 3.8 da aka fitar masa da fayil ɗin girkawa na Windows, muka ɗauki mai bit 32 da gangan saboda exe mai bit 32 yana tashi a Windows mai 32 da mai 64 duka, amma mai 64 ba ya tashi a kan 32, kuma ba mu san wace irin kwamfuta za a sake sayo musu daga gwanjo gobe ba. Ka'idar da nake bi ita ce ka gina a kan mafi tsufan abin da kake son manhajar ta yi aiki a kai, don haka muka kafa Windows 7 a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta, a laftof ɗin yaron muka yi ginin a can. PyInstaller dai ba ya gina na Windows daga Linux ko Mac, kowane tsari sai a kansa ake gina nasa.

Nauyin kuma daga muhallin da ya gina ne. A cikin Anaconda yake aiki, wato Python mai zuwa da tarin laburare, ya kira laburaren pandas don kawai ya jera maki ya fitar da matsayi, pandas ta jawo wani laburaren mai suna numpy, numpy ɗin can kuma ta jawo manyan laburaren lissafi da makarantar firamare ba za ta taɓa buƙata ba. Na tambaye shi me pandas ke yi masa a nan, ya nuna min layi bai fi goma ba. Ya sake rubuta su da sorted da SQL na yau da kullum, muka bar openpyxl don Excel da ReportLab don PDF, muka buɗe venv, wato keɓaɓɓen muhallin Python, mai tsabta ba komai a ciki sai waɗannan, kaya suka dawo ƙasa da megabait 40.

Maganar mantuwar ita ce ta fi ci min rai don aikin mutum ne ya salwanta. Malamar ta zauna ta shigar da makin aji guda cif, darasi darasi, ta rufe ta tafi sallar azahar, ta dawo ta buɗe ta tarar da teburi fari fat ko suna ɗaya babu. Ta sake shigarwa washegari, haka dai. Har ta fara zargin kanta ko wani maɓalli take dannawa ba daidai ba.

"Malama, ki nuna min yadda kike yi tun daga farko," na ce mata.

"Wallahi Malam ba abin da nake taɓawa, ina danna ajiye yana ce min an ajiye, in na rufe na dawo sai in ga wayam."

Gaskiya ta faɗa, yana ajiyewa, inda yake ajiyewar ne matsala. Exe ɗin --onefile duk sanda ka danna shi sai ya kwance kayansa gaba ɗaya a wata folda ta wucin gadi a cikin Temp, sunanta yana farawa da _MEI sai lambobi su biyo baya, daga can manhajar ke aiki, in ka rufe kuma sai ya share foldar ƙarƙaf. Shi kuma yaron a kod ɗinsa ya ce a ajiye makaranta.db, wato fayil ɗin rumbun bayanan, a gefen fayil ɗin Python, ya nemo wurin da __file__, wanda a laftof ɗinsa daidai ne don foldar aikinsa ce, amma a cikin exe wannan "gefen" shi ne foldar da za a share. Wato kowace buɗewa sabon rumbun bayanai ne, kowace rufewa kuma an zubar da shi.

Na sa ta danna maɓallin Windows da R ta rubuta %TEMP%, muka gangara ƙasa sai ga foldojin _MEI a jere da yawa, kowace da nauyinta, sun cinye mata wuri ba ta sani ba. Dalilin da ya sa suka rage shi ne batirin laftof ɗin ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta take mutuwa nan take, kuma in manhaja ta mutu haka ba a rufe ta ba to ba ta samun damar share foldarta, takardun PyInstaller ma sun faɗi wannan ƙarara. Muka dinga buɗe su ɗaya bayan ɗaya muna duba girman makaranta.db da ranar da aka taɓa shi, yawanci fanko ne, sai muka ci karo da ɗaya mai ɗan nauyi, na buɗe shi da DB Browser for SQLite sai ga sunayen 'yan aji biyar da makin lissafi da turanci da Hausa, na ranar da wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki. Ta riƙe baki ta ce alhamdulillahi ta fi sau nawa. Wanda ta rufe da hannunta lafiya kuwa ya tafi, sai da ta koma kan takardun malamai ta sake bugawa.

Gyaran shi ne a raba kaya gida biyu a cikin kod. Akwai abin da manhaja ke karantawa kawai, tambari da font da samfurin ripot kad, waɗannan su ake ɗaurewa a cikin kunshin da --add-data a nemo su ta sys._MEIPASS, wanda ke nuna inda kayan kunshin suke. Akwai kuma abin da take rubutawa, wato rumbun bayanai, wannan ba ruwansa da kunshi, muka kai shi folda mai sunan manhajar a cikin APPDATA, wurin da Windows ta ware wa manhajoji su ajiye bayanansu, in babu ta ƙirƙira a buɗewar farko. Ba a Program Files ba, don Windows ba ta barin a yi rubutu a can sai da izinin admin. Sannan na nace sai an sa maɓalli babba a fuskar farko mai cewa "Kwafi zuwa filashi", yana amfani da backup ɗin da sqlite3 ke da shi ya fitar da kwafi da kwanan wata a sunan fayil ɗin, saboda faifan ajiyar (hard disk) kwamfutar gwanjo ba ya sallama kafin ya tafi.

Daga nan na ce mu bar --onefile gaba ɗaya, kuma nan muka ɗan ja da yaron. Shi yana ganin fayil ɗaya ya fi kyan gani ya fi sauƙin rabawa, kuma ban ƙi tasa ba, amma na ce ya tsaya ya kalli yadda ake amfani da shi. A tsohuwar kwamfuta kwance kayan nan duk buɗewa yana ɗaukar lokaci, ba abin da ke fitowa a allo, mutum ya danna ya jira ya ga shiru ya sake dannawa ya sake, can sai tagogi uku su buɗe a tare kowace tana son rubutu a rumbu ɗaya. Da --onedir kuwa kayan a kwance suke tun farko a folda ɗaya, tun daga PyInstaller 6 ma an tattare tarkacen a wata ƙaramar folda mai suna _internal, exe ɗin na waje shi kaɗai, buɗewa ba jira. Aibin folda shi ne mutane, wani zai kwafi exe ɗin kaɗai ya bar sauran, wani ma shotkot ɗin kan allo zai kwafa a filashi ya tafi gida yana murna ya samu manhaja. Maganin wannan Inno Setup ne, manhajar haɗa fayil ɗin girkawa, wanda Jordan Russell ya fara tun 1997, ka rubuta masa ɗan gajeren bayani ya naɗe foldar ya ba ka setup guda ɗaya, a danna gaba gaba a gama, ya sa alama a kan allo, ya sa hanyar cirewa. Ka ga an samu fayil ɗayan da yaron ke so wajen rabawa, an kuma samu folda wajen aiki. Kuma tunda bayanai na APPDATA, in an kawo sabon setup aka girka a kan tsoho maki ba ya taɓuwa.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Ripot kad na farko da muka buga daga kwamfutar ofis, yarinya sunanta Saddiƙa sai ga baƙin akwati a wurin ƙ, Ɗanladi kuma ya rasa harafinsa na farko, alamar naira a layin kuɗin makaranta ita ma akwati. Font ɗin Helvetica, wato salon haruffan da ReportLab ke zuwa da shi, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A laftof ɗin yaron bai ga haka ba saboda ya nuna wa kod ɗin wani font da ke foldarsa ta kansa, ya kuma rubuta cewa in ba a samu ba a koma Helvetica shiru. PyInstaller kuwa layukan import, inda ake kiran laburare, yake bi, ba ya sanin akwai wani fayil da ka ambata da sunansa a tsakiyar kod sai ka gaya masa. Muka sa DejaVu Sans a cikin kunshin, yana da haruffan duka da alamar ₦, kuma lasisinsa ya yarda a raba shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, uba ya biya kuɗin makaranta a miƙo masa takarda an ɓata sunan 'yarsa, ba zai ce font ba ne, cewa zai yi makarantar ba ta san aikinta ba.

Haruffan nan dai su suka tona wata matsalar. Maɓallin fitar da jerin sunaye zuwa CSV, wato fayil ɗin rubutu da Excel ke buɗewa a matsayin teburi, in an danna ba ya cewa komai, ba fayil ba saƙo. Abin da ke faruwa, open(), umarnin buɗe fayil na Python ɗin da muka yi aiki da shi, in ba ka faɗi encoding ba, wato tsarin adana haruffa, yana ɗaukar na Windows ɗin, a nan cp1252, wanda bai san ɗ ba, sai kod ya faɗi, kuma tunda an gina da --windowed babu baƙin allon da kuskuren zai fito a kai, sai ya ɓace a iska. Muka sa utf-8-sig don Excel ya gane haruffan in an buɗe, muka kuma sa duk kuskuren da ya faru a Tkinter ya fito a akwati da Hausa yana cewa a kira mai gyara, cikakken bayanin kuma ya shiga wani fayil na log kusa da rumbun bayanai. In wani abu ya faru bayan yaron ya koma garinsu, malama ta turo masa fayil ɗin ta WhatsApp ya ga layin da ya karye.

Antibairos ma ta yi nata, ranar farko ta kama exe ɗin ta kulle. Sananniyar matsala ce, masu rubuta mugayen manhajoji su ma suna ɗaure kayansu da PyInstaller, kuma shirin da ke kwance kansa a Temp ya tayar da wani abu dama yana kama da abin zargi. Komawa --onedir da kashe UPX, mai matse fayiloli su rage girma, da --noupx sun rage abin sosai. Maganin da ya fi ƙarfi shi ne takardar sa hannu ta dijital, amma da dala ake sayenta duk shekara, kuma tun Yunin 2023 sai an ajiye makullinta a na'ura ta musamman, makarantar unguwa ba za ta ɗauki wannan ba. Abin da na hana shi ne kashe antibairos ɗin, kwamfutar da filashin kowane malami ke shiga, wasu daga shagon buga takardu suka fito kai tsaye. Foldar manhajar kaɗai muka keɓe, muka ce wa antibairos ɗin kar ta taɓa ta.

Hajiya ta yi tambaya mai kyau da muna gamawa. "To Malam, yanzu in wata makaranta ta kwafa fa, za su iya ganin yadda aka yi ta?" Na ce mata Hajiya za su iya, akwai kayan aiki irin pyinstxtractor da ke kwance exe ɗin su fito da fayilolin pyc, wato kod ɗin a sigar da Python ke karantawa, daga nan mai ilimin abin zai dawo da kusan duk kod ɗin, PyInstaller ma sun cire zaɓin --key na kulle kod a sigar 6 don ba ya kare komai na a zo a gani. In ɓoye kod ake so Nuitka ya fi, shi yana juya Python zuwa yaren C ne ya gina, amma ginin ya fi ɗaukar lokaci kuma sai an kafa kompaila, manhajar da ke juya C zuwa yaren inji. Na ce a ganina abin tsaro a nan makin yara ne da lambobin iyaye, don haka a sa wa Windows ɗin ofis kalmar sirri, filashin kwafi kuma ya zauna a durowar da ake kullewa. Yaron ya kawo maganar ko a sake rubutawa da Electron, wani kayan gina manhaja da fasahar shafin yanar gizo, don fuskar ta fi kyau, irin yadda aka yi VS Code, na ce kowace manhajar Electron da Chromium ɗinta take tafe, wato burauza guda cif, giga 2 ba zai ji daɗi ba, kuma su ma daga siga ta 23 sun bar Windows 7. Ta yanar gizo kuma ba ta taso ba, ofishin ba intanet sai in wani ya kunna hotspot.

Kafin ya tafi na sa ya bar abubuwa a filashi biyu, ɗaya wurin Hajiya ɗaya a ofis: kod ɗin kansa, fayil ɗin spec mai ɗauke da saitin PyInstaller, requirements.txt da lambar sigar kowane laburare a rubuce, fayil ɗin girka Python 3.8.10, bayanin Inno Setup, da shafi ɗaya da ke faɗin yadda ake ginawa daga farko. Da yawa exe kawai suke bari, ranar da aka canza rabon makin gwaji da na jarrabawa daga 30 da 70 zuwa 40 da 60 sai a rasa mai taɓawa a koma biro. Shi ya sa ma muka fitar da rabon makin daga cikin kod muka sa shi a shafin saiti inda malama za ta canza da kanta. Na kuma gaya wa Hajiya ba ɓoye ɓoye cewa Microsoft ta daina sabunta Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Python 3.8 shi ma an rufe tallafinsa a Oktoban 2024, don haka kwamfutar nan kar a riƙa hawa intanet da ita, kuma in an samu hali a canza ta, setup ɗin zai hau sabuwa yadda yake, makaranta.db kawai za a ɗauko a mayar.

Abu ɗaya da ɗaurin exe ba zai warware ba shi ne yanzu manhajar tana kan kwamfuta biyu, kowace da rumbunta, in malama ta shigar da maki a laftof wani ya shigar a ofis ba abin da zai haɗa su. Haɗa rumbu biyu aiki ne babba kuma lokacin yaron ya ƙure, sai muka yanke cewa ta ofis ita ce uwa, aka cire manhajar daga laftof ɗin. Malaman aji kowa a ba shi fom na Excel mai sunayen ɗalibansa da lambar kowane yaro, ya cike a wayarsa ko inda ya samu, ya kawo, malamar jarrabawa ta shigo da shi ta maɓalli ɗaya, in akwai makin da ya wuce iyaka ko lambar da ba ta cikin rajista manhajar ta ƙi karɓa ta nuna layin da ja a mayar wa malamin ajin ya gyara.